Likita Yusnimar da Matakalar da Aka Ƙi Hawa

Kafin masu barkono su gama ɗaure buhunansu a kan babur, Likita Yusnimar ta riga ta sauko daga bas ɗin birnin Padang a bakin gadar Koto Sariak. Lema a hannun dama, a na hagu jakar leda mai ƙoƙon kwakwa biyu a ciki. A bayanta samari da 'yan mata masu fararen riguna ke saukowa ɗaya bayan ɗaya, duk sun jigata da kwane-kwanen hanyar dutse, wani ma sai ya tsuguna a bakin kwata ya mayar da karin kumallonsa. Ba ta jiran kowa. "Wanda ya gama amai ya same mu a asibiti," in ji ta, ta kama hanya. Haka take yi duk Talata tun kafin ta fara sa tabarau, har watan jiya da shekarun aikinta suka cika, ta ajiye.

Yaran nan likitoci ne da suka riga suka gama karatu, suka dawo neman ƙwarewa a aikin likitan iyali, wanda zai zauna a ƙaramin asibiti irin namu, ya san gida-gida, ya duba jariri ya duba kakarsa. Abin da take koya musu shi ne yadda cuta ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. An ce a can birni tana da allo da hotuna. A nan ƙoƙon kwakwa ne kayan aikinta.

Ni ce Darnis ta gidan bayan masallaci, mai tuƙa randang a bukukuwa, naman nan da ake dafawa da madarar kwakwa har ya ƙafe. Ban yi makaranta ba. Faɗa na yi aka rubuta, na kuma ce kada a tausasa mini ko kalma ɗaya. Da ta ajiye aiki, ɗalibanta sun yi mata walima a birni. A garin da aka binne cibiyarta kuwa, ko kofin shayi ba wanda ya kai mata, domin dattawa sun hana a hau matakalar gidansu, kuma har yau hanin na nan. Gidajenmu a kan ginshiƙai suke, sai an hau matakala ake shiga. Ga bikin 'yarta Wirda ya matso. Abin da ya sa na buɗe baki ke nan.

Na ga aikinta da idona, domin a barandar asibitin nake sayar da shinkafar da ake dafawa a cikin gora ranar Talata. Za ta zaunar da su a tabarma, su da farin kayansu. Ta ajiye ƙoƙo ɗaya ta ce wannan uwa, ta ajiye ɗayan ta ce wannan uba. A kowanne ta jefa ƙwayar shinkafa fara guda, ja guda.

"Kai mai suma kamar zakaran da ruwa ya daka, rufe ido. Ɗauki ɗaya nan, ɗauki ɗaya can. Buɗe. Me ka haifa?"

"Fara da ja, Ibu." Haka suke kiranta, wato uwa.

"Barka, ɗanka lafiya lau. Sai dai yana da ja a aljihu, zai iya ba nasa ɗan. Mayar. Wa ke biye?"

Ana ta dariya, ana yi wa juna barka da haihuwa, har hannun wani ya fito da ja da ja. Sai ta bar dariyar ta mutu da kanta. "Wannan shi ne yaron da jininsa ba ya ƙarko, duk wata sai an ƙara masa. Sunan ciwon kun san shi, talasemiya, kun rubuta a jarrabawa. Yanzu ku faɗa mini, wane ƙoƙo za mu fasa?" Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Na ce wanne ne mai laifi?"

Wata rana wata yarinya mai saurin baki ta ce ai tunda ɗaya cikin huɗu ne, in na fari ya zo da ciwon, ukun da ke biye sun tsira. Yusnimar ta miƙa mata ƙoƙon. "Tambaye shi ko ya tuna abin da aka ɗauka bara. Ƙoƙo ba shi da tunani, 'yata. Kowane ciki sabon ɗauka ne. In kin faɗa wa uwa waccan magana, ke za ta zo nema da jariri na biyu a hannu."

Bayan azahar sai ta kwashe su zuwa gidajen ƙauyukan kewaye. Dokarta ba ta da yawa. Ka cire takalmi, ka zauna inda aka nuna maka, ka sha abin da aka ba ka ko da sukarin ya yi yawa, sannan ka buɗe baki. Akwai kuma kalma ɗaya da ta haramta musu. "Kada in ji wani ya ce ‘a danginku'. Ku tambayi wa ya haifi wa, ɗaya bayan ɗaya, ta uwa da ta uba, har sai mai gidan ya gaji da ku."

Wannan doka a gidana aka haife ta, kuma da tsada ta zo.

Mu nan kowa ya sani, ɗa na uwa ne. Gida na mata, gona ta mata, suku kuma, wato zuri'a, na uwa ake bi. Miji baƙo ne, toka a kan kututture, iska in ta taso ta tafi da shi. Gidan uba muna girmama shi, muna kai ziyara da Sallah, amma in an ce danginka, ba wanda hankalinsa ke zuwa can. Shi ya sa in yarinya ta auri ɗan ƙanwar ubanta ake guɗa, a ce ta koma gida, tunda suku ba ɗaya ba ne. Haka 'yata Nurlela ta auri Zul, ɗan ƙanwar mijina marigayi. Ni na tuƙa naman bikin, har na yi rawa da muciya.

Suka haifi Mutia. Kafin ta fara rarrafe ta ɗashe kamar tsumman da ya sha wanki, ciki ya kumbura, nono ma sai ta kama ta saki. Ranar da aka kai ta asibiti Yusnimar ba ta nan, an riƙe ta a birni. Ɗalibinta Afrizal ne ya duba ta, yaro mai ladabi, ɗan wani ƙauye da ke bayan tsauni, ɗan ƙasar nan kamar mu. Ya gane ciwon, wannan ban rage masa ba. Sai ya tambayi Nurlela, yana ce mata Uni, wato yaya, "Uni, akwai dangantaka tsakaninki da maigidanki?"

"Subhanallahi! A'a. Sukunmu daban, nasu daban."

Ba ƙarya ta yi ba, shi ma bai ga abin sake tambaya ba. Ya ce, "A danginku fa, an taɓa rasa yaro yana ƙarami?" Ta tuna da ɗan yayata da zazzaɓi ya ɗauke tun da daɗewa. Afrizal ya gyaɗa kai ya ce, "Da alama ta wajen uwa abin ya biyo." Uwar Zul na tsaye a bakin ƙofa.

Kafin la'asar maganar ta isa rumfar mai shayi, kafin Juma'a ta zagaye gari. Gidan Darnis jininsu ruɓaɓɓe ne. Aka maido da zoben baikon ƙaramar 'yata a cikin ƙyalle, ba ko sallama. Datuak Sinaro, wan mijina, shugaban sukunsu, kuma kawun Zul, ya aiko a ce wa Zul ya kwashe tufafinsa ya sauko.

Da Talata ta zagayo Yusnimar ta ji abin da ya faru, ba ta ko zauna ba. Ta tasa Afrizal gaba a ƙasa har gidana. Suka hau, suka sha shayi. Sannan ta ce masa, "Tambayi Nurlela wa ta haifi mijinta."

Ya tambaya. Nurlela ta ce, "Ƙanwar babana mana."

Na ga gumi ya keto masa har wuyan riga. Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. "Ibu, wallahi na san karatun nan. Na ci jarrabawarsa."

"Na sani. Kanka ya sani. Kunnenka ne ɗan garin nan." Ta juyo wurina, ta kira ni Etek, wato inna, kamar yadda ta saba. "Etek, yaron nan a hannuna yake. Na koya masa ciwo, ban koya masa tambaya ba. Ni za ki kama." Likita guda, ta durƙusa a kan tabarmata mai ɓuli tana ba ni haƙuri. Ban san inda zan sa idona ba.

Ta ɗebi jinina, ta ɗebi na Nurlela, Zul ma ya zo a ɓoye ya ba da nasa kafin ya tafi ci-ranin da bai dawo ba. Da sakamako ya fito ta kira ni ni kaɗai, ta ce nawa fara da fara ne, ba ja ko ɗaya. Ban yi makaranta ba, amma na daɗe ina kallon ƙoƙon nan ta taga. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa sai uwa ta ba da ja uba ya ba da ja. In ba ni na ba Nurlela ba, ubanta ne. Ubanta kuwa ɗan wane gida ne? Na ɗaure zanina na miƙe.

"Ina za ki, Etek?"

"Rumfar mai shayi. Yau sai Datuak ya ji daga inda ruɓar ta fito."

Ta sha gabana a ƙofa. Ba doguwa ba ce, amma ta cika ƙofar. "'Yan mata nawa ne a wancan gidan?"

"Ina ruwana?"

"Zoben da aka maido miki, da daɗi?"

"Yus, matsa."

"Kin ɗanɗana, Etek. Yanzu za ki ɗiba ki zuba wa 'ya'yan wata? Su me suka yi? Ba ruɓa ba ce, ba a wannan gidan ba, ba a wancan ba. Ki bar ni da dattawan."

Na zage ta ranar, zagi mai kyau. Ta tsaya har na gama, ta ce, "To, kin huce? Zauna ki sha ruwa."

Aka kira ta zauren dattawa, mu mata muna daga waje muna leƙe ta tsakanin katako. Datuak ya fara da zaƙin baki. Ya ce ita 'yar gari ce, abin alfaharinsu. Ɗalibinta ya riga ya ce ta wajen uwa ciwon ya biyo, ta tabbatar kawai, a raba auren cikin mutunci.

Ta ce, "Datuak, ɗalibina ya yi kuskure, kuma ni na jawo. Ciwon nan ba ya kama yaro sai ya zo masa ta uwa, ya zo masa ta uba."

"Wato jinin ɗan ƙanwata ne ruɓaɓɓe."

"Ban ce jinin kowa ya ruɓe ba. Mai ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana sallah, yana tsufa. Ba mamaki a zauren nan ma akwai masu shi, ba su sani ba."

Zaure ya kaure. Wani tsoho ya ce ta zagi gari gaba ɗaya. Wani ya ce karatu ya hau mata kai. Ni kuwa ina waje na ciji gefen mayafina, maganar na cikin bakina kamar garwashi. Ta waiwayo, ta hango idona ta tsakanin katakon, ta girgiza kai kaɗan. Na haɗiye.

Datuak ya ɗaga hannu. "Yusnimar, ki janye. Akuya ɗaya, ki ciyar da dattawa, magana ta wuce."

"Akuya ba ta fi ƙarfina ba, Datuak. In marmari ake yi, gobe ma a yanka. Amma in na janye, yaran nan da nake koyarwa za su bazu garuruwa suna ɗora wa mata laifi da sunana. Wannan ce ba zan iya ba."

Ranar aka yanke hukunci: ba a hawa gidansu, ko da daɗi ko da baƙin ciki, har sai ta janye.

Kowa ya ɗauka za ta kai ɗalibanta wani gari. Talata na zuwa sai ga ta a bakin gada da lemarta. Ta wuce rumfar mai shayi ta yi sallama, maza suka dubi kofunansu kamar an rubuta wani abu a ciki. Ta maimaita sallamar har sai da wani ya amsa a maƙoshi. Haka ta yi ta yi, tun Mutia na goye har ga ta yau budurwa.

Yus, ke ce gadar bakin gari, a taka ki a wuce ba mai cewa sannu. Ke ce kika kai ƙoƙonki har gidan mutanen da suka nemi ƙaramar 'yata daga baya, kika zauna da su har suka fahimta, aka gwada saurayin, aka ɗaura aure. Ke ce kike tsayar da kowane sabon rukunin ɗalibai ki ce wanda jininsa ya dace ya naɗe hannun riga, har Mutia take tsokanata cewa ita ma ta kusa zama likita, tunda jinin likitoci ne a jikinta. Kika riƙe sirrin gidan da ya kore ki, alhali kalma ɗaya ta isa ta wanke ki.

Ranar da mahaifiyarta Amak Ramalah ta rasu, ranar na san kunya tana da nauyi. Matar da ba gidan haihuwa ko na mutuwa a garin nan da ba ta taka ba. An yi mata wanka, an yi mata sallah, an binne ta, domin wannan na Allah ne, ba Datuak da ya isa ya hana. Amma daga maƙabarta kowa ya zarce gidansa. Tabarmi shimfiɗe daga wannan bango zuwa wancan, ba kowa a kai sai mu 'yan gidana da ɗalibanta. A al'ada kowace mace za ta zo da kwanon shinkafar ta'aziyya, har a rasa wurin ajiyewa. Ranar kwanona ne kaɗai a tsakar ɗaki. Wata ɗaliba 'yar wani tsibiri ta matso ta raɗa mini, tana kirana Nenek, wato kaka, "Nenek, haka kuke zaman makoki a nan?"  Yusnimar ce ta cece ni. Ta ce, "Lokacin girbi ne, mutane na gona." Ba lokacin girbi ba ne.

Talatar da ta biyo baya ta zo aiki.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Asibitin nan yana da ƙofar baya, wajen rijiya. Na ga masu bi ta nan. Uwa ta rufe fuska da lema ba ruwa ba rana, ta jawo 'yarta da aka sa wa ranar aure, a gwada ta. Matan dattawan nan da suka yi ihu a zaure, na gan su. Yusnimar ba ta taɓa ɗaga musu gira ba, ba ta kuma taɓa ce wa kowa auri wane ko bar wane ba. Za ta sa ɗalibi ya zauna da su da ƙoƙon, ita tana gefe tana saurare, in ya yi gaggawa ta yi tari. Wasu sun fasa, wasu sun yi aurensu da saninsu, kowa da zaɓinsa. Sai su fito ta inda suka shiga, in sun haɗu da ita a kasuwa su tsaya taya tumatir har ta wuce. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Kada wani ya ce na karya alkawari da na faɗi zancen jinin wancan gida yau. Fitrawati ce ta ba ni izini, jikar ƙanwar Datuak, wadda ita ma ta bi ta ƙofar baya kafin aurenta. Ta same ni ina kankare kwakwa, ɗanta a kafaɗa. Ta ce, "Nenek, ki faɗa. Ni ina ɗauke da ja, mijina ba shi da shi, ga ɗana kamar ɗan ɓauna. Mu 'yan matan gidan duk mun sani, mun kuma yarda ki faɗa. Ba jinin ke ba ni kunya ba. Lemar da na rufe fuska da ita ce."

Afrizal kuwa, da ya gama, birni ya buɗe masa ƙofa, ya ce a'a, a turo shi asibitinmu. Yana nan har yau, furfura ta fara masa. Yanzu shi ke zaunar da sababbin ɗalibai, kuma labarin kuskurensa shi ne darasinsa na farko, da bakinsa yake bayarwa. An ce a garuruwa masu nisa akwai likitocin da ke ajiye ƙoƙon kwakwa a kan teburinsu, marasa lafiya na mamaki.

To, ga inda muke. Yusnimar ta dawo gidan uwarta da zama. Allah bai ba ta haihuwa ba, Wirda 'yar ƙanwarta ce da ta riƙa tun tana jaririya. Za a ɗaura auren Wirda ranar Lahadi, angon ɗan wani gari ne. Mutanensa za su zo da dattawansu, su tsaya a gindin matakala su yi doguwar gaisuwar neman iso. Dole dattawan gari su amsa daga sama, a miƙa farantin siri, ganyen da ake taunawa a tarbi baƙo da shi, sannan baƙi su hau. In ba mai amsawa fa? Su tsaya a rana suna magana da katako? Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ta shiga gidan aure da wannan tabo?

Na je wurin Datuak shekaranjiya. Ya tsufa, kunne ya yi nauyi, amma abin da ya ga dama yana ji.

"Darnis, lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya ce ta kawo ni, Datuak, tunda kai ba ka kai ta ko'ina."

"Bakin nan naki dai. Ƙanena ya yi haƙuri."

"Ya yi, Allah ya ji ƙansa. Zancen Yus na zo."

Ya daɗe yana murza taba. Ya ce shi ba ya riƙe da kowa a zuciya, amma al'ada ba tasa ba ce shi kaɗai. Akuya ɗaya ce. Ko ba ta ce komai ba, ta yanka kawai, mutane za su fahimta.

"Su fahimci me? Cewa ƙarya ta yi? Tattaɓa kunnenka, ɗan Fitrawati, da ke rarrafe a tsakar gidan nan, wa ya sa uwarsa ta yi barci da cikinsa ba fargaba?"

 Ya juya yana kallon yaron. Na ga haɓarsa na motsi, na ɗauka magana za ta fito, sai ya ce in gaida gida. Na sauko ina jin kunyar da ya kamata shi ya ji.

Na faɗa wa Yusnimar yadda muka yi. Ta gyara tabarau. Ta ce, "Etek, kwanan nan na yi ta tunanin akuyar nan. Saboda Wirda." A duk shekarun nan ban taɓa jin muryarta ta karye ba sai ranar. Sai ga Wirda ta leƙo daga ɗaki, kayan amarcin da Mutia ke yi wa ado a hannunta. Ta ce, "Amak, in kika yanka akuyar nan, ke za ki sa kayan nan ki zauna kusa da angon, ni ba ni." Yusnimar ta yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Don haka jiya da hantsi na sa aka ɗauki babban kaskona, wanda ya ciyar da bikin kusan kowane gida a garin nan, aka girke shi a gindin matakalar Amak Ramalah. Na hura wuta. Ban daɗe ba sai ga Afrizal da buhun kwakwa a babur, ya cire farar riga ya zauna kankara, yana yi kamar mai fiɗa, har sai da na karɓe kafin ya kankare yatsunsa. Can sai ga Fitrawati ta biyo ta tsakiyar titi, ta gaban rumfar mai shayi, ba lema, da muciyarta a kafaɗa. Ta hau matakalar ta gaida Yusnimar, ta sauko ta ce in matsa hannuna ya tsufa. Mata biyu sun biyo bayanta. Saura suna leƙe ta taga, na gan ku.

Yus, na gode. Gidana ya gode, Mutia ta gode, kuma na ari bakin waɗanda suka bi ta ƙofar baya na gode a madadinsu, tunda nasu ya yi nauyi. Allah ya saka miki, ya sanyaya miki tsufa kamar yadda kika sanyaya wa uwaye zuciya. Ku kuma likitocin da kuka zauna a tabarmarta, duk inda kuke, ku riƙe abin da ta ba ku. Ku tambayi wa ya haifi wa, kada ku fasa ƙoƙon kowa, kuma in gaskiya ta zo da tsada kada ku saya mata akuya.

Saura ku, mutanen Koto Sariak. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma Wirda ɗiyar garin nan ce gaba ɗaya. In akwai akuyar da ake bi, ku ake bi. Datuak, matakalar ba ta da tsawo, ni da ciwon gwiwata na hau ta. In taka ba za ta iya ba, Afrizal ya ce zai riƙe ka. Randang ba ya son gaggawa, wutar nan za ta kai Lahadi tana ci, hayaƙinta kuma ba gidan da ba ya shiga. Farantin siri na goge shi da toka, yana saman matakala, hannun da zai miƙa shi kawai yake jira.